Kati Ɗaya Ko Biyu: Kyamara, Israfi Da Amana A Kasuwannin Abijan

Wanda ya sauka daga motar gbaka a Ajame da niyyar sayen kyamara, tun kafin ya shiga layukan da ake kira Black Market 'yan kamasho sun yi masa caa. Waya yake so ko kwamfuta? Sabuwa dal ko ta hannu? Da zarar ya ambaci kyamara, wani zai kama hannunsa ya bi da shi lungu-lungu har gaban kantin da yake kai wa ciniki. In kuma ya haye gada zuwa Treichville, can wajen kasuwar Belleville, zai tarar da kayan da Turawa suka gama yayinsu, waɗanda mutanen Abijan ke kira France au revoir, suna jiran sabon mai shi. Ko nan ko can, tambayar mai kanti ɗaya ce: ta 'yan koyo kake so, ko ta ƙwararru?

A kan fuska tambayar ciniki ce. Amma ga yaron da ya tara kuɗinsa jaka-jaka, daga teburin sayar da abincin garba ko wajen gashin tsire ko tsaron shagon ubangidansa, magana ce da za a tambaye shi a kanta gobe kiyama: ina ya samu, kuma ina ya kashe. Hausawa sun daɗe a Kwaddibuwa. Fataken goro sun san hanyar Bunduku tun ba a yi birnin Abijan ba, kuma bayan an buɗe tashar jiragen ruwa a 1951 'yan ci-rani daga Nijar da Najeriya suka yi ta kwarara zuwa Treichville da Ajame. Yau jikokinsu da sabbin zuwa suna ɗaura aure, suna raɗa suna, suna walimar saukar Alƙur'ani, suna tarbar alhazai. Kowane taro sai an nemi mai hoto, domin dangi a Maraɗi da Tawa da Kano suna jiran gani a WhatsApp. Sana'a ce mai ci, shi ya sa matasa ke rububinta.

Hukuncin hoton kansa tsohuwar muhawara ce. Muftin Masar Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya rasu a 1935, ya rubuta ɗan littafi yana halatta shi, bisa hujjar cewa kyamara tsare inuwar halitta take yi, ba ta ƙaga sura kamar mai sassaƙa. Wasu malamai, irin su Shaihu Bin Baz, sun hana sai da lalura. Wanda ya riƙi hanin ba shi da abin da zai kai shi kantin kyamara. Maganar nan ta wanda ya riƙi halaccin ce, ga kuɗi a aljihunsa, ga kyamarori biyu a gabansa.

Kyamarar ƙwararru ta da tana da madubi a cikinta, wanda ke karkatar da haske zuwa idon mai ɗauka, sai an danna ya ɗaga ya ba hasken hanya. A 2008 kamfanin Panasonic ya fito da Lumix G1, wadda aka cire wa madubin: haske na faɗawa kai tsaye a kan sensa, wato farantin da ke kama hoto, mai ɗauka kuma yana kallon wani ɗan allo a cikin ramin leƙawa. Sony ya biyo baya da A7 a 2013, Canon da Nikon suka shigo da ƙarfinsu a 2018. Yanzu kusan duk sabon samfurin da manyan kamfanoni ke fitarwa marar madubi ne.

A ɗauki biyu daga gida ɗaya. Canon EOS R50, ta masu farawa, ta fito a 2023 a kan kusan dalar Amurka 680, ba tare da lensi ba. Canon EOS R6 Mark II, wadda masu hoton biki ke so ruwa a jallo, ta fito a 2022 a kan kusan dala 2,500. In aka yi canji a kan sefa 600, ta farko ta ɗan haura jaka 400, wato sefa dubu 400, ta biyu kuwa miliyan ɗaya da rabi ce, tun ba a sa kuɗin kwastan da ribar mai kanti ba. Mafi ƙarancin albashi a Kwaddibuwa tun farkon 2023 jaka 75 ne a wata. Ke nan babbar ta cinye albashin lebura na wata 20 cur.

Me ake saye da wannan rata? Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne dukansu biyun megafiksel 24 ne, dukansu kuma suna gane idon mutum su bi shi duk inda ya juya. In aka tsayar da ango a ƙofar masallaci da hantsi aka ɗauke shi da kowacce, aka tura hoton ta WhatsApp, wanda dama matse hoto yake yi kafin ya isar, da wuya ko gwani ya ce ga na wannan ga na waccan. Bambancin yana ɓoye ne a wuraren da mai kallo ba ya gani. Sensar babbar milimita 36 ce a kan 24, ta ninka ta ƙaramar fiye da sau biyu da rabi, don haka ta fi jure duhun ɗakin amarya ko zauren da aka ɗauke wa wuta. Tana da na'urar da ke rage rawar hannu a cikin jikinta. An toshe mata kafofin da ruwa da ƙura ke shiga, abin da ke da amfani a garin da ruwan Mayu zuwa Yuli ba ya sallama kafin ya sauko. Batirinta ya fi girma. Sannan tana da gurbin katin memori biyu, ƙaramar kuwa ɗaya.

Alƙur'ani, a Suratul Furƙan aya ta 67, ya yabi bayin da ciyarwarsu ta tsaya tsakanin ɓarna da ƙwauro. Bai faɗi adadi ba, kuma hikimar a bayyane take: miliyan ɗaya da rabi a hannun wani kuɗin cefane ne, a hannun wani kuma jarin gida ne kaf. Malamin Malikiyya na Andalus, Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya bi sawun magabata wajen kasa bukatun ɗan Adam gida uku a littafinsa Al-Muwafaƙat: abin da rayuwa ba ta tsayuwa sai da shi, abin da rashinsa ke jawo ƙunci, da abin da ƙawa ne kawai. Kyamara ɗaya tana iya faɗawa kowane gida, gwargwadon wanda ya riƙe ta. Ko babin zakka ya nuna haka. Muddin tana kan kantar mai sayarwa haja ce, za a ƙiyasta ta a fitar mata da zakka. Da ta koma hannun mai sana'a ta zama kayan aiki, babu zakka a kanta. Ƙarfen bai sauya ba, hukuncin ne ya bi amfanin da ake yi da shi.

To, idan abin da mai saye ke nema shi ne hoton da zai taɓa zuciya, tarihin Treichville kansa ya isa ya kwantar masa da hankali. A 1957 Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniya, ya bi wasu samari 'yan ci-ranin Nijar a titunan unguwar yana ɗaukar rayuwarsu: neman aikin dako a tashar jiragen ruwa, kwanan haya, rawar daren Asabar, mafarkin zama wani. Kyamarar da ke hannunsa Bell & Howell ce mai fim na milimita 16, wadda ake murɗa wa wani ƙarfe kamar agogon da, ta yi aiki na daƙiƙa ashirin da 'yan kai ta tsaya. Ba ta ɗaukar murya. Sai bayan an gama aka zaunar da jarumin fim ɗin, Umaru Ganda, ɗan Yamai, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indochina, yana kallon hotunan yana magana a kansu yadda ransa ya ba shi. Wannan gazawar na'ura ita ta haifi muryar da ta sa fim ɗin Moi, un noir ya ci lambar Louis Delluc a 1958, ya kuma girgiza matasan masu shirya fim na Faransa irin su Jean-Luc Godard. Shi kuwa Ganda, ɗan dakon jiya, ya koma gida ya zama mai shirya fim da kansa, kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya fara cin babbar lambar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Har yau akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Malick Sidibé na Bamako da Brownie Flash ya fara a 1956, kyamarar da Kodak ya ƙera don iyalai masu ɗaukar hoton yara, kuma a 2007 bikin zane-zane na Venis ya ba shi Zakin Zinariya saboda aikin rayuwarsa. Kusa-kusan nan, bayan harin da aka kai Grand-Bassam ranar 13 ga Maris 2016, wata 'yar Abijan, Joana Choumali, ta bi tituna tana ɗaukar fuskokin mutanen da jimami ya rufe. Ƙwararriya ce mai manyan kayan aiki, amma da iPhone ta yi wannan aikin, domin waya ba ta tsorata mai baƙin ciki. Daga baya ta buga hotunan a kan ƙyalle ta yi musu ado da zare da allura, kuma da su ta ci lambar Prix Pictet a 2019, ta zama mutum na farko daga Afirka da ya ci ta.

Saboda haka mai koyo, da mai ɗaukar hoton 'ya'yansa, da mai tallan atamfa a Facebook, in ya tsallake ƙaramar ya sayi babbar alhali haya na binsa, da wuya ya kuɓuta daga sunan israfi. Abin da zai gyara hotonsa shi ne sanin inda haske ke fitowa, da haƙurin jiran lokacin da fuska za ta saki. In ma akwai rarar kuɗi, lensi ya fi cancanta da ita: na milimita 50 mai buɗewa sosai, wanda Canon ke sayarwa a wajen dala 200, zai sauya hoton ƙaramar kyamara fiye da yadda sauya kyamarar kanta zai yi.

Sai dai akwai wani mutum dabam, kuma a kansa ne maganar ta yi nauyi. Shi ne wanda ya karɓi kafin alƙalami daga uban amarya.

Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya wuce ta kan wata mas'ala da Malikiyya suka shahara da ita: masu sana'a suna lamunin kayan da aka ba su suka shige da su wajen aikinsu. Tela da aka kai wa shadda ta salwanta a shagonsa, shi zai biya. Asalin ƙa'ida ita ce wanda aka ba amana ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci, amma malamai suka tsananta a kan masu sana'a don maslahar jama'a, tunda mutane ba su da makawa sai sun miƙa musu kayansu, kuma ba sa ganin abin da ke faruwa a bayan ƙofa. Mai hoto ba yadi aka miƙa masa ba, yini aka miƙa masa. Shadda in ta ƙone akwai irinta a kasuwar Ajame. Amma lokacin da liman ya shafa fatiha, da lokacin da kakar amarya, wadda ta yi kwanaki a mota daga Damagaram, ta rungume jikarta tana hawaye, waɗannan ba a sake su. Ko ya mayar da kuɗin aikin ninki biyu, bai mayar da abin da ya ɓata ba.

Katin memori kuwa yana mutuwa. Ba kullum ba, amma yana mutuwa, musamman na jabu da suka cika kasuwanni, masu ɗauke da tambarin manyan kamfanoni a waje da tarkace a ciki. Mutum zai yini yana ɗauka, yana duba allon kyamara yana ganin komai lafiya lau, ya dawo gida da dare ya zura katin a kwamfuta, ta ce masa ba ta san shi ba, sai an goge. Kyamara mai gurbi biyu tana rubuta kowane hoto a kati biyu a lokaci guda, in ɗaya ya tafi ɗaya na nan. Wannan ne ya sa da Canon EOS R da Nikon Z6 da Z7 suka fito a 2018 da gurbi ɗaya-ɗaya, masu hoton biki a duniya suka yi ta ƙorafi, kuma samfuran da suka gaje su a 2020 suka zo da biyu.

A nan lissafin ya juye. Tsimin da ya zama abin yabo ga mai koyo yana iya zama sakaci ga wanda ya ɗauki kuɗin mutane, domin ribar tsimin tasa ce, hasarar kuwa in ta zo ta wani ce. Mutum yana da 'yancin yin kasada da abinsa, ba shi da 'yancin yin ta da ranar auren 'yar maƙwabcinsa ba tare da ya sani ba. Wadar zuci dabi'a ce mai girma, amma wajen abin da mutum zai ci ya sha ya sa take aiki. Ba ta zama uzurin shiga aikin wani da kayan da aka san suna iya ba da kunya.

Akwai kuma fuska ta uku, wadda masu sana'ar suka fi kowa saninta, ko da yake ba su cika faɗa ba. Jama'a da ido suke auna mai hoto. Yaro ya shigo wajen biki da 'yar ƙaramar kyamara, za a ji wata daga cikin iyaye mata ta ce, "Kai ɗan nan, da wannan abin za ka ɗauke mu? Ai wayata ta fi ta girma." Wani ya shigo da zungureriyar lensi da filasha a ka, tun bai danna ba an matsa masa hanya. Shin wanda ya sayi babbar don wannan dalili ya yi riya? A ma'anar da Imamu Gazali ya yi wa riya dogon sharhi a Ihya, wato neman matsayi a zukatan mutane ta hanyar ibada, a'a. Tallan sana'a ba ibada ba ne, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bambance son kyakkyawar sutura da girman kai. Mai sana'a ya fito fes da kaya masu kyau don a amince da shi ba laifi ba ne. Inda haɗarin yake shi ne kyamarar ta yi wa mutane alkawarin da hannun mai ita ba zai cika ba. Wanda ya saye ta jiya, bai san yadda zai daidaita farar shadda da baƙar fata a tsakar rana ba, ya tsuga kuɗin ƙwararru saboda girman abin da ya rataya, wannan ya kusanci algus, ko da bai furta ƙarya ko ɗaya ba.

Mafi muni shi ne a haɗa wannan da bashi mai ruwa. Yaron da ya ranto miliyan biyu da sharaɗin ƙari don ya yi fice a cikin abokansa ya ɗora wa kansa riba, wadda haramcinta ba a yi saɓani a kai ba, don sayen abin da sabon samfuri zai karya wa daraja cikin 'yan shekaru. Daga nan sai ya soma karɓar biki biyu a rana ɗaya don ya cika biyan wata, ya zo wannan a makare, ya bar wancan ba a tashi ba. Adashi, ko jarin da ubangida zai zuba a raba riba bisa tsarin ƙiradi, sun fi jinkiri, amma ba sa tilasta wa mutum cin amanar da ya sayi kyamarar don ya tsare.

Abin farin ciki shi ne amana ba ta wajabta sabuwa dal. Sony A7 III, wadda ta fito a 2018 a kan kusan dala 2,000, tana da babbar sensa da gurbin kati biyu da batirin da ke ɗaukar hoto sama da 600 a caji ɗaya, kuma ta hannu ta sauko sosai tunda an yi mata ƙanne. Wani kuma ƙanana biyu yake riƙewa, ɗaya a wuyansa ɗaya a hannun yaronsa, yadda kowane muhimmin lokaci zai shiga kati biyu dabam-dabam. Wani yana aikin yau da kullum da ƙaramarsa, ranar babban biki ya karɓo haya wajen abokin sana'a ya sa kuɗin a cikin lissafi. Wanda duk bai samu ko ɗaya ba, akwai abin da bai fi ƙarfinsa ba, wato ya faɗi gaskiya tun wajen ciniki: "Alhaji, kati ɗaya kyamarata take ɗauka. Zan riƙa sauya shi, in kwashe na ɗaurin aure a waya kafin a tafi walima. In kana son mai kati biyu, akwai wanda zan haɗa ka da shi, sai dai kuɗinsa ya fi nawa." Uban amarya da ya ji haka ya ce ya yarda, ya shiga da idonsa a buɗe, kuma nauyin da ke wuyan yaron ya ragu.

Kasuwar kayan hannu ita ma tana da nata hukuncin, kuma a kan mai kanti ya fi faɗawa. Sanannen labari ne cewa Manzon Allah ya tura hannunsa cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya yi masa faɗa a kan ɓoye jiƙaƙƙen a inda mai saye ba zai gani ba. Malaman fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano tsohon aibin da aka rufe masa. Aibin kyamara a Abijan sau da yawa danshi ne na gaske, domin iskar gaɓar teku tana sa wani farin gansakuka ya tsiro a cikin lensi, siri-siri kamar saiwa, ya riƙa dusashe hoto a hankali. Ba a ganinsa sai an cire lensin an haska shi da fitilar waya daga baya. Mai saye zai kuma ɗauki hoton farin bango ya duba ko akwai ɗigon da ba ya motsi a kan sensa, ya zura kati a kowane gurbi ya tabbatar dukansu na rubutu, sannan ya tambayi sau nawa aka taɓa danna ta, tunda marfin da ke ƙiftawa a ciki yana da iyakar kwanansa. A yawancin kyamarorin Sony da Nikon wannan adadi yana rubuce a cikin bayanan kowane hoto, kuma ana iya karanta shi a kwamfutar kantin da ke kusa kafin a ƙirga kuɗi.